Mayun Ista na Finlan: Al'adar da Aka Ƙara wa Shekaru

A ranar Lahadin da ta rage mako guda a yi bikin Ista, da hantsi, ƙararrawar ƙofa kan yi ta kaɗawa a unguwannin Helsinki da Tampere da sauran biranen Finlan. Idan mai gida ya buɗe, sai ya tarar da yara biyu ko uku, akasarinsu 'yan mata, sun ɗaura kallabi irin na tsofaffi, an goga musu ja a kumatu, an ɗiga musu baƙaƙen ɗige-ɗige a fuska. Wata na riƙe da tsohuwar butar gahawa, wata na jan tsintsiya. A hannunsu akwai rassan wata bishiya mai son bakin ruwa, wadda 'yan ƙasar ke kira paju, an ƙawata su da gashin tsuntsu mai launi da takarda mai ƙyalli. Yaran za su kaɗa reshe a gaban mai gida, su rera 'yar gajeruwar waƙa ta fatan lafiya a shekara mai zuwa, su miƙa masa reshen, shi kuma ya jefa musu ƙwan cakulan ko 'yan kuɗi a cikin butar. Sunan al'adar virpominen. Wanda ya san yaran tashe ba zai rasa gane yanayin ba, ko da yake babu abin da ya haɗa al'adun biyu a tarihi.

Duk shekara idan lokacin ya zagayo, bayani iri guda ake sake shimfiɗawa a mujallun yawon buɗe ido da shirye-shiryen da ake yi wa baƙi. Wai waɗannan ƙananan mayu ragowa ne na addinin da mutanen Finlan suke bi kafin zuwan Kiristanci. Wai reshen tsafi ne na neman haihuwa da yabanya. Wai coci ya zo ya tarar da bikin maraba da sabuwar kaka, sai ya lulluɓe shi da sunan Ista. Masu sha'awar farfaɗo da addinin gargajiya suna murna da wannan bayani, kuma wasu masu wa'azi masu tsauri sun karɓe shi hannu bibbiyu, domin ya ba su hujjar hana yara wasan. Ɓangarorin nan ba sa ga maciji da juna, amma sun haɗu a kan tarihi guda, tarihin kuma na jabu ne. A siffar da ake ganin al'adar yau, talabijin ma ya girme ta a Finlan.

Da a ce kuskuren ya tsaya a lissafin shekaru, da ba abin ɗaga murya ba ne. Matsalar ita ce kowace shekara da aka ƙara wa al'adar ta ƙarya, akwai mutanen da aka share daga cikin labarinta: dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira da yaƙi ya kora daga gidajensu a 1940 da 1944, da matan da aka fille wa kai bisa zargin maita a ƙarni na 17, da manoman da suke fita daga hunturu da shanun da ba sa iya miƙewa saboda yunwa.

Kalanda ta ƙi ba da shaida

Kakar da ke biyo bayan hunturu a ƙasashen arewacin duniya, lokacin da ƙanƙara ke narkewa rana ta ƙara tsawo, ana yawan fassara ta da bazara, ko da yake ba ta da zafin bazarar da Bahaushe ya sani. Mai cewa Ista ta Finlan tsohon bikin wannan kaka ce yana da tambaya ɗaya da ya kamata ya fara amsawa: yaushe kakar take shigowa Finlan?

Bisa ƙa'idar cocin Yamma, ranar Ista ba ta fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. An tsara lissafin ne a ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, inda a wannan lokaci gonaki sun yi kore. Helsinki kuwa, wadda ke can kudancin ƙasar, tana kan digiri 60 ne arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Maris tafkunan ƙasar suna daskare, ƙasa ta yi tauri, dusar ƙanƙara ta rufe yawancin filaye, shanu suna kulle a ɗaki. Sai a watan Mayu ake shuka. Manomin da ya dogara da gona ba shi da dalilin yin bikin yabanya ana saura wata guda ko biyu garmarsa ta iya shiga ƙasa.

Ba a rasa tsofaffin bukukuwan shuka a Finlan ba, kuma an san lokacinsu. Mikael Agricola, malamin cocin da ya aza harsashin rubuta harshen Finlan, ya buga fassarar Zabura a 1551, kuma a gabatarwarta ya jera allolin da mutanen Häme da na Kareliya suke bauta wa a da. A nan ne ya ambaci shagalin da ake yi wa Ukko, ubangijin sama da aradu, bayan an gama shuka: a fito da akwatin hadaya, a sha giya da sunansa, a roƙi ruwan sama. Agricola ya yi ƙorafin buguwa da abin kunyar da ke biyo baya. Wannan biki, Ukon vakat, shi ne abin da ya cancanci a kira tsohuwar al'adar bazara ta Finlan. Ana yin sa a Mayu ko farkon Yuni, ba shi da alaƙa da Ista, ya kuma daɗe da mutuwa a matsayin ibadar manoma. Haka ma burodin shuka, wanda ake toyawa a ƙarshen shekara a binne shi cikin rumbu, sai ranar fara shuka a gutsura wa mai garma da dokinsa. Haka fitar da shanu kiwo, wanda aka ɗaura wa ranar Waliyyi Jyrki, 23 ga Afrilu, ko da yake sau da yawa ciyawa ba ta fito ba tukuna.

Ko bikin Helka na ƙauyen Ritvala, wanda ake yawan nunawa a matsayin mafi tsufa da ya rage, ana yin sa ne a Fentikos, mako bakwai bayan Ista. 'Yan mata suna jerin gwano suna rera waƙoƙi a kan tsohon ma'aunin waƙar Finlan, amma ɗaya daga cikin fitattun waƙoƙin labarin Maryamu Magadaliya ce, wato ta fito ne daga zamanin Katolika. Bikin ma ya taɓa dusashewa a ƙarshen ƙarni na 19, sai daga baya matasan ƙauyen suka tayar da shi.

Sunaye ma sun tona asiri

Hujjar da masu wannan ra'ayi suka fi so aro ce daga Turanci. A ƙarni na 8 wani malamin zuhudu na Ingila mai suna Bede ya rubuta cewa sunan watan da Ista ke faɗowa a cikinsa ya samo asali daga wata allahiya, Eostre. Shi kaɗai ne tsohon marubucin da ya ambace ta. Ko da an yarda da maganarsa ɗari bisa ɗari, ta shafi Turanci ne da wataƙila Jamusanci. Mutanen Finlan suna kiran bikin pääsiäinen, daga aikatau mai ma'anar kuɓuta ko samun saki, kuma abin da ake kuɓuta daga gare shi shi ne azumin mako bakwai na coci. Sunan da kansa yana nuna cewa sai da aka yi azumin Kirista kafin a yi bikin.

Ranar Alhamis ta makon Ista ta fi ba da dariya. Ana kiranta kiirastorstai. A ƙauyuka an yi imani cewa kiira wani mugun iska ne da ke laɓewa a tsakar gida, don haka a wannan rana mutum kan rataya ƙararrawar saniya a wuya, ya kunna wuta a tukunyar kwaltar itace, ya ja ta yana zagaya gida yana kaɗa ƙarafa har iskan ya gudu daji. A ido, babu abin da ya fi wannan kama da tsohon tsafi. Sai dai masana harshe sun bi sawun kalmar har gida: daga tsohon harshen Suwidin ta fito, inda take nufin tsarki, kuma sunan ranar a can yana nufin Alhamis ta tsarkakewa, suna ne na coci. Manoman da ba su jin harshen Suwidin suka ji kalmar da ba su gane ba, suka ɗauka sunan wani abu ne, suka ƙirƙira masa jiki da hali da hanyar kora. Aljanin da ake cewa ya girmi coci, a bakin ƙofar coci aka haife shi. Irin wannan ya faru da ranar Asabar, lankalauantai: kalmar Suwidin mai ma'anar dogo ta yi kama da kalmar Finlan mai ma'anar zare, sai ranar ta zama ranar wanke zare da rina shi.

Reshen ɗan gudun hijira ne

Kalmar virpominen ta fito daga verba, sunan wannan bishiya a harshen Rasha. A aƙidar Kirista, mutanen Urushalima sun tarbi Yesu Almasihu da ganyen dabino mako guda kafin tashinsa. Dabino ba ya fita a arewacin Turai, don haka Cocin Otodoks na Rasha ya maye gurbinsa da bishiyar da ke riga kowace toho. Kiristanci ya shigo Finlan ta hanyoyi biyu, Katolika daga Suwidin ta yamma, Otodoks daga Novgorod ta gabas, kuma yarjejeniyar 1323 ta ja iyaka tsakanin ikon biyu. Al'adar reshen ta gabas ce, ta yankin Kareliya, inda ta zauna a gidajen Otodoks ta kuma tsallaka zuwa maƙwabtansu mabiya Luther.

Yadda ake yin ta a can ya bambanta da na yau. Ana kai rassan coci a sa musu albarka. Da sassafe ranar Lahadi yaro zai ɗan taɓa iyayensa da 'yan uwansa da iyayensa na baftisma da reshen yana yi musu fatan lafiya. Babu shigar mayya, babu ƙwanƙwasa ƙofar baƙo. Ladan ma ba a biya a ranar, domin ana cikin azumi kuma an hana cin ƙwai: sai bayan mako guda, ranar Ista, yaron zai koma ya karɓi ƙwansa. Ana adana reshen kusa da hoton waliyyai a kusurwar ɗaki, daga baya a kora shanu da shi ranar da za a fitar da su kiwo.

Abin da ya kai wannan al'ada sauran sassan ƙasar yaƙi ne. Tarayyar Sobiyet ta auka wa Finlan ranar 30 ga Nuwamba, 1939. A yarjejeniyar Mosko ta Maris 1940 Finlan ta rasa yawancin Kareliyarta, har da birnin Viipuri. Fiye da mutum 400,000, wajen ɗaya cikin kowane mutum tara na ƙasar, suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka yi yamma. Da yawa sun koma gida bayan da sojojin Finlan suka ƙwato yankin a 1941, sai aka sake korar su a 1944, wannan karon ba dawowa. Dokar rabon filaye ta 1945 ta sama musu gonaki a cikin ƙauyukan da ba su san su ba, wani lokaci daga filayen da aka karɓe wa masu su. Gidan zuhudu na Valamo, wanda ya shafe ƙarnoni a kan tsibirin tafkin Ladoga, ya koma Heinävesi. Mafi yawan mabiya Otodoks na ƙasar suna cikin waɗanda aka tayar.

Ba ko'ina aka tarbe su da fara'a ba. Mutanen da suka bar gidajensu don gudun mulkin Mosko sun iske ana kiransu da sunan wulaƙanci da ake kiran Rashawa, saboda karin harshensu da yadda suke ibada. Wasu sun sauya sunayensu, wasu sun bar aka yi wa 'ya'yansu baftisma a cocin masu rinjaye don su huta da gori. Cikin 'yan abubuwan da suka tsallake iyakar tare da su, suka kuma samu karɓuwa a gidajen maƙwabta, akwai reshen nan. Wanda ya ce wa baƙo ai wannan tsohon tsafin daji ne, ya ɗauke abin daga hannun waɗanda suka ɗauko shi a cikin jirgin ƙasa da keken doki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mayyar kuma daga kotu ta fito

Rabin al'adar na biyu daga yamma yake, daga yankin Pohjanmaa da ke gaɓar tekun da ya raba Finlan da Suwidin. A can an yi imani cewa tsakanin Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Yesu da safiyar Ista, lokacin da suke cewa yana cikin kabari, duniya ba ta da mai tsaro, miyagun abubuwa suna yawo yadda suka ga dama. A waɗannan darare ne mayyar da ake kira trulli take laɓaɓawa ɗakin shanun maƙwabci ta yanki gashin saniya ko ulun tunkiya don ta sace albarkar garken ta kai nata. Shi ya sa ake kunna manyan wutace ranar Asabar, masu yawan hayaƙi da tartsatsi, kuma har yau ana kunna su a Pohjanmaa da tsibirin Seurasaari na Helsinki.

A nan masu cewa al'adar ta daɗe suna da ɗan abin riƙewa, kuma adalci ne a ba su. Tunanin cewa albarka ƙayyadadda ce, idan ta ƙaru a gidan wani to ta ragu a gidan wani, yana iya girmar coci. Kariya da wuta da ƙarfe da ƙararrawa ma haka. Tsoron yana da tushe a zahiri: ciyawar da aka tara kan ƙare kafin hunturu ya ƙare, shanu su rame har sai an ɗaga su, kuma ƙasar ta san yunwar da ta kashe tsakanin kashi ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa uku na jama'arta daga 1695 zuwa 1697. Gidan da saniyarsa ta ƙafe yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi. Amma lokacin da aka ware wa mayyar, kwana biyun kabari, ba shi da ma'ana sai a cikin labarin Kirista.

Ita kuwa mayya mai hawa tsintsiya ta tashi sama zuwa liyafar Shaiɗan a kan wani dutse, baƙuwa ce a tsohon addinin Finlan. Noita na asali mai duba ne kuma mai magani, galibi namiji, kuma a shari'o'in maita na farko a ƙasar maza ne suka fi yawa cikin waɗanda ake tuhuma. Hoton mace mai ƙawance da Shaiɗan daga littattafan malaman coci da alƙalan Turai ya zo. A tsibiran Åland, alƙali Nils Psilander, wanda ya yi karatu a jami'a, ya fara jerin shari'o'i a 1666 da suka kai ga kashe mata da dama. A ɓangaren Suwidin na masarautar, domin a lokacin ƙasa ɗaya ce, abin ya fi muni: a Torsåker, a 1675, an fille wa mutum 71 kai aka ƙona gawarwakinsu a rana guda. Manyan shaidu a waɗannan shari'o'i yara ne, waɗanda suka rantse cewa an ɗauke su da dare an kai su wurin liyafar. Bayan ƙarni biyu, da tsoron ya lafa, matasa a Suwidin suka fara shigar mayu don wasa a lokacin Ista, wasan kuma ya tsallaka teku zuwa Pohjanmaa. Yarinyar da ke tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya tana sanye ne da kayan wadda shaidar yara ta taɓa kaiwa ga takobi. Kiran wannan shiga bikin yabanya wanke hannun alƙalai ne.

Reshen gabas da mayyar yamma sun haɗu ne a sababbin unguwannin birane, a shekarun 1970 da 1980, bayan da jama'a suka kwararo daga ƙauyuka neman aiki, 'ya'yan Kareliya da 'ya'yan Pohjanmaa suka zauna a bene ɗaya suka shiga makarantar reno ɗaya. Cocin Otodoks na Finlan, saɓanin yawancin 'yan uwansa na duniya, yana yin Ista rana ɗaya da mabiya Luther, saboda haka babu saɓanin kalanda da zai raba yaran. Har yanzu ana iya ganin wurin ɗinkin: a yawancin ƙasar ranar Lahadi mayun ke fita, a Pohjanmaa kuwa sai Asabar mai zuwa.

Abin da ke kan teburin iyali

Ista hutun kwana huɗu ne a Finlan, daga Juma'a zuwa Litinin. Wasu iyalai kan tafi Laplan wasan zamiya a kan ƙanƙara, wasu su buɗe gidan hutunsu na bakin tafki, wasu su taru gidan kaka. Abincin da suke ci ma yana ba da labarin shekarunsa ga mai son ji.

Mafi tsufa shi ne mämmi, wani baƙin abinci mai kauri da ake yi da garin ruis, hatsi ɗan uwan alkama, tare da tsirarren hatsin da ke ba shi zaƙi. Ana gasa shi sa'o'i a tanda mai sanyin wuta, a da cikin akwatin ɓawon bishiya, sannan a ajiye shi kwanaki a sanyi. Abincin azumi ne daga kudu maso yammacin ƙasar, ba nama ba madara, mai jure ajiya, wanda ya dace da Juma'ar da ba a son a hura wuta. Kirim da sukarin da ake zuba masa yau ƙari ne na zamanin wadata, ɓawon lemon da ke ba shi ƙamshi kuwa a jirgin ruwa yake zuwa. Pasha, wanda ake yi da cuku mai laushi da man shanu da ƙwai a matse shi cikin mazubin katako mai ɗauke da haruffan da ke nufin Almasihu ya tashi, na Otodoks ne, kuma an tara masa duk abubuwan da azumi ya hana. Ƙwan Mignon, ɓawon ƙwai na gaske da aka cika da alewar almon da cakulan, kamfanin Fazer ne ya fara sayar da shi a 1896, kuma mahaifin wanda ya kafa kamfanin daga Suwizalan ya yi ƙaura. Gasasshen naman rago da ciyawar da yara ke shukawa a faranti su ajiye a taga, a ƙarni na 20 suka yaɗu. Zomon Ista daga Jamus ya zo, ya tarar da zakaran da a Finlan ake gaya wa yara cewa shi ke saka ƙwan bikin.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da darajarsa ta ragu don an san ranar haihuwarsa. Iyali ba sa taruwa a kan mämmi domin wani boka ya ci shi shekara dubu biyu da suka wuce. Suna taruwa ne domin kakarsu ta ci, ta kuma tilasta wa kowa ya ɗanɗana.

Inda tatsuniyar ta samo ƙarfi

Ra'ayin cewa duk al'adar ƙauye ragowar tsohon addini ce yana da iyaye sanannu. Jacob Grimm ya gina allahiyar Jamusawa ta Ista a 1835 a kan 'yar maganar Bede. Wilhelm Mannhardt, a shekarun 1870, ya fassara duk wani bugu da ɗanyen reshe a matsayin tsafin ba da rai. James Frazer ya tattara irin wannan fassara daga ko'ina a duniya a littafinsa na 1890, ya sayar da ita ga masu karatu na ƙarni guda. Hanyarsu ɗaya ce: a ga abu biyu sun yi kama, a yanke cewa asalinsu ɗaya, a kuma ɗauka manomi ba ya ƙirƙira komai, yana maimaita abin da bai fahimta ba ne kawai. Masana al'adun gargajiya sun daɗe da barin wannan hanya, amma kasuwa ba ta bar ta ba.

A Finlan ra'ayin ya sami ƙasa mai taki. Ƙasar ta shafe ƙarnoni ƙarƙashin Suwidin, daga 1809 zuwa 1917 kuma ƙarƙashin sarkin Rasha. Masu kishin ƙasa na ƙarni na 19 suna buƙatar tarihin da ba na Stockholm ba, ba kuma na Petersburg ba, sai suka neme shi a zamanin da ya gabaci coci. Ƙungiyar Adabin Finlan, wadda aka kafa a 1831, da Kalevala da Elias Lönnrot ya harhaɗa ya buga a 1835 ya faɗaɗa a 1849, sun yi aikin da ya ceci dubban waƙoƙi daga ɓacewa. Sai dai yawancin bayanan al'adu da ke cikin ma'ajiyar ƙungiyar an rubuta su ne a ƙarni na 19 da na 20, daga bakin mutanen da kakanninsu suka shafe ɗaruruwan shekaru suna zuwa coci. Shaida ce mai ƙarfi a kan rayuwar ƙauye ta wancan lokaci, mai rauni a kan abin da aka yi shekara dubu kafin nan. Abin takaicin shi ne, Kareliyar da aka ɗaukaka a littafi a matsayin rumbun tsohuwar hikima ita ce wadda aka yi wa 'ya'yanta gori da suka iso bakin ƙofa da kayansu a ka.

A yau akwai ƙarin dalili. A 1980 kusan kashi 90 cikin ɗari na jama'ar ƙasar mambobin cocin Luther ne, yanzu sun gaza kashi biyu bisa uku. Iyayen da suka bar coci amma suke son 'ya'yansu su yi bikin sun fi samun natsuwa idan aka ce musu ai tun asali ba na coci ba ne. Mai tallar yawon buɗe ido kuma ya san kalmar tsohon tsafi ta fi dokar rabon filaye ta 1945 jan baƙi. Buƙatar kowannensu abin fahimta ce, amma buƙata ba ta zama hujja.

Mabiya Otodoks sun sha bayyana rashin jin daɗinsu da yadda aka ɗora reshen da aka sa wa albarka a hannun mayya, kuma ƙorafinsu yana da tushe: a wurinsu abubuwan biyu kishiyoyi ne. Sai dai neman a raba su yanzu tamkar neman a mayar da kunu gero ne. Yaran da suka haɗa su sun girma sun haifi nasu, kuma abin da suka ƙirƙira a matakalar benaye al'ada ce ta gaske, kamar yadda korar kiira ta zama ta gaske ga manomin da ya ƙirƙiro ta daga kalmar da bai gane ba. Abin da za a iya nema, kuma ya kamata a nace a kansa, shi ne a daina yi wa al'adar ƙaryar asali: malamar makarantar reno da ke koya wa yara ƙawata reshe ta gaya musu daga wane yanki ya zo da abin da ya kawo shi, mai rubuta takardar baƙi ya ambaci Kareliya da 1944 a inda ya saba rubuta zamanin tsafi. Waɗanda suka tsallake iyakar suna yara a wancan lokaci duk sun haura shekara 80. Wasunsu suna nan a gidajen tsofaffi na Joensuu da Lahti da Kuopio, sun san yadda ake yin abin kafin a ƙara masa tsintsiya, kuma ranar Lahadin ana ƙwanƙwasa musu ƙofa kamar kowa.